Yadda za ku bar sawun bincikenku a fili: jagora ga ɗaliban Garwa, Marwa da Ngaundere

A ranar sutnans, wato ranar da ɗalibi yake kare bincikensa a gaban malamai masu yanke hukunci (juri), akwai wata gajeriyar tambaya da ɗalibai suka fi tsoro. Ɗaya daga cikin juri zai buɗe memwar, wato kundin binciken kammala karatu, ya ɗora yatsa a kan wani adadi ko wata magana, ya ce: "Wannan daga ina ka samo?" Ko wanda ya yi aikinsa da gumin goshinsa yakan daburce a nan, domin hirar da ya ɗauka watanni da suka wuce tana cikin wayar da aka sace, takardar da ya karanta kuma ya manta sunan marubucinta. Sai ka ga ya tsaya sahu ɗaya da wanda ya kwafo aikin wani.

Jami'ar Ngaundere da ke Dang ta zama cikakkiyar jami'a a 1993, aka kafa ta Marwa a 2008, ta Garwa kuma a 2022. Ɗalibai sun yi yawa, malami guda yana riƙe da masu mastar da dama, ba zai iya zama da kowa ya bi masa aiki layi-layi ba. Abin da ya rage wa ɗalibi shi ne ya tsara aikinsa yadda duk wanda ya so, malami ne ko abokin rukuni ko juri, zai iya bin kowace magana har inda ta fito. Manhajojin da ake buƙata kyauta ne, yawancinsu kuma suna tafiya a ƙaramar wayar Android.

Don maganar ta zauna, a ce ku uku ne kuke bincike kan cinikin kifi daga tafkin Lagdo zuwa kasuwannin Garwa. Ko aikin rukuni ne na ƙarshen lisans, ko kowa da nasa memwar amma fili ɗaya kuke shiga, tsarin ɗaya ne.

Mataki na farko: ku yanke wa WhatsApp iyaka

Rukunin WhatsApp ba sai an ce ku buɗe ba, kun riga kun buɗe. Abin da za ku yanke tun ranar farko shi ne aikinsa: sanarwa, tambaya, sa lokacin haɗuwa. Duk shawarar da aka yanke a can, wani ya kwashe ta a ranar ya rubuta a littafin aiki, wanda za mu zo kansa. Saƙon murya na minti bakwai yana da daɗin aikawa, amma bayan wata uku ba wanda zai iya lalubo inda aka ce a canza tambaya ta goma sha biyu.

Ku kashe «Messages éphémères» a wannan rukunin. In za ku tura hoton takarda, ku tura shi ta «Document», domin in aka tura shi a matsayin hoto WhatsApp yana matse shi har ƙananan rubutu su dushe. Ku kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye, forfe, wato datar da kuka saya, zai ƙara muku kwana.

'Yan'uwanmu na Njamena sun san wani dalilin. Daga Maris 2018 zuwa Yuli 2019 an toshe kafafen sada zumunta a Chadi, har da WhatsApp. A Kamaru ma an yanke intanet a yankunan Arewa maso Yamma da Kudu maso Yamma daga Janairu zuwa Afrilu 2017. Duk abin da kuka ajiye a intanet, ku riƙe kwafinsa a kile USB ko a kwamfuta, ku sabunta shi kowace Juma'a.

Mataki na biyu: folda ɗaya, sunaye masu tsari

Mutum ɗaya ya buɗe folda a Google Drive ya raba wa sauran. Kowane asusu yana da gigabait 15 kyauta, ya ishe ku in ba ku zuba bidiyo ba. A ciki ku yi ƙananan folda huɗu: ta izini da takardun hukuma, ta ɗanyen bayanai, ta bayanan da aka gyara, da ta rubutu. Foldar ɗanyen bayanai ana zubawa ne kawai, ba a gyara komai a cikinta. Mai son gyara ya kwafa zuwa folda ta uku ya yi aikinsa a can. Ranar da lissafi ya rikice, akwai asalin da za a koma wa.

Sunan fayil ya fara da shekara, sai wata, sai rana: 2025-03-14_hira_L07 (L07 lambar wanda aka yi hirar da shi ce). Da haka kwamfuta za ta jera su da kanta bisa kwanan wata. Kowa ya taɓa ganin kwamfutar da ke ɗauke da «memoire_final», da «memoire_final2», da «memoire_final_corrige_vrai», mai ita kuma bai san wanne ya kai wa malam ba.

Drive yana da matakan izini uku: mai karantawa, mai sharhi, mai gyara. Kada ku zaɓi "duk wanda yake da link" a foldar ɗanyen bayanai. Ku sa adireshin imel na kowane mutum ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya buɗe foldar kuma ya sa imel na biyu don dawo da asusu, saboda layin MTN ko Orange yana iya ɓata tare da waya.

Mataki na uku: littafin aiki

In abu ɗaya kawai za ku ɗauka daga wannan jagora, ku ɗauki wannan. Ku buɗe takarda guda a Google Docs, ku sa mata suna "Littafin aiki". Duk ranar da aka taɓa binciken, wanda ya taɓa ya rubuta abin da aka yi, a ina, da wa, me aka canza, kuma me ya sa. Layi biyar sun isa. Ga yadda rubutun rana ɗaya zai kasance:

"14 ga Maris. Lagdo, bakin ruwa, daga asuba zuwa hantsi. Hira uku: L07, L08, L09. Ta L08 da Fulatanci aka yi, abokin aikinmu ya fassara nan take. Tambaya ta 12, kan kuɗin da mutum yake samu a wata, ba wanda ya amsa ta kai tsaye. Mun mayar da ita: kwando nawa ka sayar a kasuwar da ta wuce? Don haka amsoshin L01 zuwa L06 a wannan tambaya ba za a haɗa su da na sauran ba."

Ku dubi jimla ta ƙarshe. Ita ce za ta hana ku, wata biyar nan gaba, ku tara amsoshin tambayoyi biyu daban-daban ku fitar da matsakaicin da ba shi da ma'ana. Haka kuma babin hanyar bincike, wanda ɗalibai da yawa suke cikawa da jimlolin aro daga tsofaffin memwar, zai fito daga wannan littafi kusan a shirye, da abin da ya faru na gaskiya a ciki. Malamin kirki ba ya rage maki don an canza tambaya a fili. Abin da yake ɓata masa rai shi ne ya gano an canza an ɓoye.

Google Docs yana ajiye tarihin takarda da kansa. Ku shiga «Fichier», sai «Historique des versions», za ku ga wanda ya rubuta me, a wace rana, da launin kowa daban. A aikin rukuni wannan yana kashe gardamar "ni na yi komai" tun kafin ta tashi. Amma akwai abubuwa uku da ya kamata ku sani. Mai izinin gyara ne kaɗai yake ganin tarihin, don haka in kuna so malam ya gani sai ku ba shi wannan izinin. In kuka yi «Créer une copie», sabon kwafin yana farawa ne ba tarihi. In kuma mutum ya rubuta shafi ashirin a Word ya manna su lokaci guda, tarihin zai nuna sun faɗo a minti ɗaya, ba zai iya shaidar cewa shi ya rubuta ba. Ku rubuta a cikin takardar kanta. Ana iya kunna yanayin aiki ba intanet, a rubuta lokacin da aka ɗauke wuta ko rezo ya gudu, ya haɗu da kansa in an dawo.

Wanda ba ya son Google yana iya amfani da Framapad, na wata ƙungiyar sa-kai ta Faransa mai suna Framasoft. Ba ya cin data sosai, yana ba kowane marubuci launinsa, yana kuma da tarihin da ake ja baya a gani. Sai dai ku riƙa sauke kwafi, don takardar da aka daɗe ba a taɓa ba tana iya gogewa.

Mataki na huɗu: abin da kuka karanta

A nan ne mafi yawan satar rubutu take faruwa, kuma sau da yawa ba da niyya ba. Ɗalibi ya kwafi sakin layi ya ajiye "don ya tuna", bayan wata biyu ya ɗauka nasa ne. Maganinta Zotero, manhajar kyauta da aka fara a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Ku sa ta a kwamfuta, ku ƙara ɗan maɓallinta a Chrome ko Firefox. In kun buɗe maƙala, danna maɓallin sau ɗaya zai kwaso sunan marubuci, take, mujalla da shekara. In maƙalar tana da lambar DOI, ko littafin yana da ISBN, wato lambobin shaida da ake ba rubutun da aka wallafa, ku manna lambar a wurin da ke da alamar sandar tsafi, sauran bayanan su cika da kansu. Duk da haka ku duba da ido, tana yin kuskure musamman a tsofaffin takardu.

Sai ku buɗe rukuni a shafin Zotero, ku gayyaci juna da malam. Abin da ɗaya ya samo, kowa ya gani, ba sai mutum uku sun ƙona forfe kan maƙala ɗaya ba. Ga wata dabara da take ceton mutane: wurin ajiyar fayil na kyauta megabait 300 ne kawai, kuma fayilolin rukuni a kan asusun mai rukunin ake lissafa su. Amma bayanan littattafai da notocinku ba su da iyaka. Don haka ku kashe haɗa fayiloli, ku bar PDF ɗin a Drive, Zotero ta riƙe sunaye da notoci.

A kowane noti ku bi doka ɗaya ba sassauci. Maganar marubuci kalma da kalma tana shiga cikin alamar zance, da lambar shafi. Taƙaitawarku ba alamar zance, amma da lambar shafi. Ra'ayinku kuma ku fara shi da harafin sunanku. Lambar shafin nan a lokacin karatu ake rubuta ta. Neman ta daren da za a kai aiki wurin bugawa azaba ce.

Ina za a samu abin karantawa? Mu 'yan arewacin Kamaru da Chadi mun yi sa'a ta wani gefe, domin masu binciken ORSTOM, cibiyar bincike ta Faransa wadda yanzu ake kira IRD, sun shafe shekaru da dama suna rubutu kan ƙasarmu, ruwanmu, noma, kiwo da kasuwanni, kuma an zuba dubban takardunsu kyauta a ma'ajiyarsu ta Horizon. Da tsohuwar zuma ake magani: an gama madatsar Lagdo a 1982, don haka rahoton da aka rubuta kan kogin Binuwai kafin nan zai nuna muku abin da tafkin ya canza. Sai Persée da OpenEdition da HAL don rubutun Faransanci, AJOL don mujallun Afirka, da Google Scholar, inda maɓallin "duk sigogi" yakan kai mutum ga kwafin kyauta. Ku tambayi ma'aikatan laburare ko jami'arku ta yi rajista da Research4Life, shirin da yake buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi mujallun da ake biya.

Shafukan da ake zuba tsofaffin memwar kuwa, ku karanta su don ganin tsari da jerin littattafan da suka ambata, sannan ku nemo littattafan da kanku. Kada ku ambaci abin da ba ku buɗe ba. Haka ma manhajoji irin su ChatGPT: suna iya ƙirƙiro sunan marubuci da take da shekara, komai ya yi kama da gaske, alhali babu littafin a duniya. In kun yi amfani da su wajen gyara Faransanci ko fassara, ku rubuta a littafin aiki, ku kuma tambayi malam tun wuri abin da sashenku ya yarda da shi.

Mataki na biyar: fili, da abin da ba a buɗewa

Kafin ku hau mota zuwa Lagdo, ku karɓi takardar izinin bincike daga jami'a, ku nuna ta a ofishin su-furefe, wato jami'in gwamnati mai kula da yankin, sannan ku je ku gai da jauro ko sarkin masunta. Hoton takardar ya shiga foldar izini.

Don tambayoyi, manhajar tattara amsoshi ta KoboToolbox ta fi takarda. Ana tsara fom a kwamfuta, a sauke shi cikin KoboCollect a waya, a cike shi a bakin ruwa ba rezo, a tura in an dawo gari. Fom ɗaya yana ɗaukar harsuna da yawa, don haka ku zauna tare ku daidaita kowace tambaya da Faransanci da Hausa da Fulatanci kafin fita, kada kowa ya riƙa fassarawa yadda ya ga dama. Ku sa iyaka a wuraren lamba, kada yatsa ya zame a samu masunci mai shekara 350. Ku kunna lokacin farawa da na gamawa. Fom talatin da aka cike cikin awa ɗaya da daddare yana tona asirin kansa, kuma ya fi kyau ku gano haka a tsakaninku kafin wani ya gano.

Yanzu ga inda ɗalibai masu zumuɗin "a buɗe komai" suke yin ɓarna. Masunci zai iya gaya muku irin ragar da yake sakawa alhali an hana ta, ko abin da yake miƙawa a hanya kafin kifinsa ya isa Garwa. Ya faɗa ne don ya amince da ku. In sunansa ko muryarsa ko hotonsa ya fita, shi zai kwana da matsalar, ku kuna can kuna shagalin karɓar sakamako. Abin da ake buɗewa shi ne hanyar da kuka bi. Mutanen da suka yi magana ana rufa musu asiri.

Saboda haka kowa ya samu lamba: L07, L08. Takardar da ta haɗa lamba da suna a rubuta ta da biro, a ajiye a akwati wurin mutum ɗaya. Ba ta shiga Drive, ba ta shiga WhatsApp. Kada ku ɗauki GPS a ƙofar gidan mutum, sunan unguwa ya isa. Cire suna kaɗai ma ba ya wadatarwa: in kun rubuta "dattijuwar da take da shagon ƙanƙara kusa da tasha", duk garin ya san ta.

Neman izini kuma da bakin da mutum yake ji ake yi, a ɗauki amsarsa a farkon rikodin. Misali: "Baba, mu ɗalibai ne daga jami'a, ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba kuma rabon tallafi muka zo yi ba. Muna so mu ɗauki muryarka don kada mu manta. Ba za mu rubuta sunanka ba. In akwai tambayar da ba ka so, ka ce mu wuce. Ka yarda?" Maganar tallafin nan ku faɗe ta, domin wanda ya zaci za a raba wani abu zai rage abin da yake samu a amsarsa. Kamaru ta kafa dokar kare bayanan mutane a Disamba 2024, Chadi kuma tana da tata tun 2015, ke nan batun ya wuce na ladabi kawai.

Mataki na shida: malam

Malamai iri-iri ne. Wani zai shiga takardar ya bar sharhi da tsakar dare. Wani zai ce a bugo masa a takarda, kuma haƙƙinsa ne. In na biyun kuka samu, ku ɗauki hoton shafukan da ya yi wa jan biro, ku zuba a folda da kwanan wata, ku rubuta a littafin aiki abin da ya ce a baki. Duk lokacin da za ku miƙa babi, ku sa wa sigar suna ta «Nommer la version actuelle», misali "wanda aka kai wa malam, 2 ga Mayu". Gyaran junanku kuma ku yi shi ta yanayin «Suggestion», mai rubutun ya karɓa ko ya ƙi.

Saƙo zuwa ga malam ya zama gajere mai ɗauke da komai: "Assalamu alaikum Malam, barka da aiki. Mun gama gyaran babi na biyu, ga link. Abu ɗaya muke neman shawararku a kai, shafi na 14, ko mu haɗa dillalai da masu banda a rukuni ɗaya. Allah ya ƙara girma."

Mataki na bakwai: bayan sutnans

In kun gama gyaran da juri suka nema, ku nemi izinin malam da na sashe kafin ku sa aikin a intanet. Kowannenku ya buɗe ORCID, lamba ce ta kyauta mai alamomi 16 da take bambanta mai bincike da masu irin sunansa. A inda Muhammadu Aminu da Aishatu Umaru suka cika aji, ba sai an yi dogon bayani ba. Da ita za ku shiga Zenodo, ma'ajiyar da cibiyar CERN ta Janeba take kula da ita tun 2013, wadda take ba kowane aiki lambar DOI kyauta. Ku sa memwar, da fom ɗin tambayoyi a harsuna ukun, da teburin bayanan da aka cire wa duk abin da zai nuna mutum, da ɗan bayani kan ma'anar kowane ginshiƙi. Lasisin CC BY yana ba kowa damar amfani da aikin muddin ya ambace ku. In malam yana shirin fitar da maƙala daga ciki, Zenodo tana ba da damar rufe fayil zuwa ranar da kuka zaɓa. Ku duba teburin sau biyu kafin ku danna wallafawa, domin abin da wani ya riga ya sauke ba ya dawowa.

Masuntan Lagdo ba za su karanta shafi ɗari na Faransanci ba. Ku yi musu saƙon murya na minti uku da Hausa, wani da Fulatanci, ku faɗi abin da kuka gano ba tare da sunan kowa ba, ku tura wa sarkin masunta ko wanda ya yi muku jagora ya yaɗa. Sannan ku goge rikodin hirarraki daga wayoyinku ukun, ku bar kwafi ɗaya a kile mai kalmar sirri na tsawon lokacin da kuka yi yarjejeniya da malam, ku cire izinin duk wanda ba ya cikin aikin daga foldar ɗanyen bayanai, ku rubuta ranar da aka yi hakan a littafin aiki.